Kududdufan Kano da Sauyin Yanayi

Duk lokacin da ruwa ya ci wata unguwa a Kano, bayanin da aka fi ji guda ne: jama'a sun toshe magudanai da shara. Akwai gaskiya a ciki, amma bayanin ya yi kaɗan. Hujjar wannan maƙala ita ce birnin yana rasa wuraren da ruwa ke zama kafin ya wuce, a daidai lokacin da ruwan sama ya sauya yadda yake sauka, kuma lambatu da kwalbati, komai faɗinsu, ba za su iya ɗaukar aikin waɗannan wurare ba.

Bari mu fara da ruwan kansa. Bayan farin 1973 da na 1984, damina ta farfaɗo a yankin Sahel, sai dai ba da halinta na da ba. Binciken da Christopher Taylor da abokan aikinsa suka wallafa a mujallar Nature a 2017, wanda ya dogara da hotunan tauraron ɗan'adam, ya nuna cewa yawan hadari mai tsananin ƙarfi ya ninka sau uku a Sahel tun daga 1982. Iska kuwa, duk lokacin da zafinta ya ƙaru da digiri ɗaya, tana iya riƙe ƙarin danshi na kusan kashi 7 cikin ɗari, kuma abin da ta ɗauka sai ta sauke. Manomi yana lissafin ruwan damina gaba ɗaya. Mai tsara birni kuwa abin da ya dame shi shi ne ruwan da zai zuba cikin awa ɗaya, domin shi ne ke rusa katanga.

Tsohon birnin Kano ya samu maganin wannan matsala tun kafin a san ta da sunanta na yau. Da ƙasa aka gina gidajensa da ganuwarsa, kuma duk inda aka haƙi ƙasar yin tubali sai rami ya rage. Wannan rami shi ne kududdufi. Yawan gini yana nufin yawan ramuka, wato birnin na girma, ma'ajiyar ruwansa na girma tare da shi. Ruwa ya sauko daga indararo, ya bi kwatami ya fita lungu, ya gangara kududdufin unguwa, wanda ya cika ya tumbatsa zuwa na gaba, har a kai ga rafin Jakara. Wani ruwan ya tsaya nan ya nitse a hankali, rijiyoyin gidaje su amfana da shi har cikin bazara. Da bulo da siminti suka maye gurbin tubali, sai wannan daidaito ya juye: yanzu gini yana ƙaruwa, ramin yana raguwa, domin kududdufin kansa ya zama fulotin sayarwa. Wanda ya san titin Jami'ar Bayero (BUK) shekaru talatin da suka wuce ya san irin ruwan da ke kwance a gefen ganuwa, ya kuma ga abin da ke tsaye a wurin a yau.

Lissafin ba shi da wuya. Ruwan milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita ɗaya ne. Saboda haka ruwan milimita 50, wanda hadari guda a watan Agusta ke iya saukewa, lita 500,000 ne a kan kadada ɗaya. Idan wurin kwano ne da kwalta da daɓen siminti, kusan duka zai gudu. Kududdufi mai faɗin kadada ɗaya, wanda ke da sauran wurin mita 2, yana iya riƙe lita miliyan 20, wato ruwan kadada 40. Ranar da aka cike shi aka kafa rukunin shaguna, ruwan nan bai ɓace ba; ya koma falon wani da shagon wani. Lambatu aikinsa gaggauta ruwa ne, ba riƙe shi ba, don haka unguwar da ke sama ta huta, ta gangare ta karɓi ruwan da sauri fiye da yadda ta saba. Ambaliyar da ta shiga Kasuwar Kantin Kwari a Agustan 2022 ta jiƙa dukiya mai yawa, kuma gini a kan hanyar ruwa na cikin abin da aka fi ɗora wa laifi a lokacin.

Masu goyon bayan cikewa suna da hujjoji, kuma bai kamata a raina su ba. Kududdufin yau matattarar sauro ne da shara da ruwan masai. Yara suna nitsewa a ciki, suna kuma ɗaukar tsargiya. Uwar da ta rasa ɗanta a ruwa ba za ta saurari lissafin lita ba, kuma tana da gaskiyarta. Amma waɗannan duk illolin sakaci ne. Kududdufin da aka yashe, aka zagaye da shinge, aka raba shi da ruwan ƙazanta, aka yi masa mafita da za ta rage shi kafin hadari na gaba, yana yin aikinsa ba tare da ya ci rai ba. Irin wannan tafki ne biranen da ke da kuɗi suke haƙawa da gangan, mu kuwa mun gaje shi kyauta. Ga kuma zafi: fili mai ruwa da itatuwa yana sanyaya unguwa a watan Afrilu, abin da rufin kwano ba zai taɓa yi ba.

Akwai kuskuren da shekarun fari suka bari a tunanin mutane, kuma ya shafi Yamai kamar yadda ya shafi Kano. An ga kwari da fadama sun bushe shekara da shekaru, sai aka ɗauka sun mutu, aka yanka filaye. Ambaliyar Yamai ta 2020 ta nuna cewa ba su mutu ba.

Gyaran ba ya jiran tallafin ƙasashen waje. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen jiha a hannun gwamna, kuma shi ne ke ba da takardar mallaka a cikin birni. Abin da ake buƙata shi ne hukumar tsara birane ta KNUPDA, tare da masana labarin ƙasa na Jami'ar Bayero da masu unguwanni, su ƙidaya kududdufan da suka rage, a auna faɗinsu da zurfinsu, a buga sunayensu a jaridar gwamnati a matsayin kadarar jama'a, daidai da titi da gada. Ya kamata kuma Majalisar Dokokin Jihar Kano ta yi dokar da za ta hana a ba da takarda a kan kowane ɗayansu, a kuma ware kuɗin yashe su a kasafin kowace shekara kafin faɗuwar damina.