Lambar Da Ke Jikin Dutsen Washi: Daga Ina Ta Samo Asali?

Yau ba waya za mu kwance ba, wuƙar kicin ce a kan tebur.

Watan jiya na yi odar dutsen washi ta intanet, mai fuska biyu, gefe ɗaya an rubuta 3000, ɗayan 8000. Niyyata in riƙa gyara bakin hantsakin da nake ɗaukar ƙananan kayan waya da shi, in kuma wasa wa Hajiyarmu wuƙaƙenta. Da ya iso na shafa shi, wallahi gefen 3000 ɗin ya fi tsohon dutsen maƙwabcina mahauci kaushi, alhali nasa 1000 ne. Haushin kuɗina ne ya sa na bi diddigin wannan lamba.

A da can duwatsun washi ba su da lamba ko kaɗan, da sunan inda aka haƙo su ake saninsu. A Japan an shafe ɗaruruwan shekaru ana haƙo su a tsaunukan da ke kusa da birnin Kyoto, masu takubba da kafintoci na rububinsu. A Amurka akwai dutsen jihar Arkansas, wanda har yau ake kasa shi da mai taushi, mai tauri, da baƙi. Beljiyam kuma tana da wani ruwan ɗorawa da masu aski ke ji da shi. Kamar dai wanzamanmu da mahauta: mutum ya shafa da yatsa, ya goga wuƙa sau biyu, ya san abin da ya riƙe.

Labari ya canza a 1891. Wani Ba'amurke, Edward Acheson, wanda ya taɓa yi wa Thomas Edison aiki, yana ƙoƙarin haɗa lu'ulu'u da wutar lantarki. Ya cakuɗa yumɓu da garin gawayin kwal ya sakar musu wuta. Lu'ulu'u bai samu ba, sai wasu ƙananan ƙwayoyi masu ƙyalli da tsananin tauri, ya sa musu suna Carborundum. Zuwa 1895 ya kai masana'antarsa Niagara Falls saboda arhar lantarki. Daga nan yin dutse a masana'anta ya bunƙasa: a niƙa ƙwayoyin, a ware su, a manne su wuri guda.

To a wajen warewar nan lamba ta shigo. Tankaɗe ake yi da rariya, kamar garin tuwo. Rariya mai huda 60 a tsawon inci ɗaya tana ba da tsaki mai lamba 60. Yawan huda, ƙanƙantar tsaki, shi ya sa babbar lamba take nufin laushi. Amma da an wuce wajen 220, garin ya yi laushin da rariya ba ta iya raba shi. Sai a zuba a ruwa, manya su riga kwantawa, ƙanana su biyo baya, a auna.

Nan fa aka rabu, kowa ya kama ma'auninsa. Japan tana da JIS, Amurka tana da ANSI, Turai kuma FEPA, wadda ita kanta kashi biyu ce: harafin P na sanfefa, harafin F na duwatsu. Ku duba bambancin da maikuron, wato milimita ɗaya a raba ta dubu. Tsakin P1000 wajen maikuron 18 ne. F1000 kuwa 4.5 ne kacal. 1000 na Japan yana tsakaninsu. Kun ga ke nan F1000 na Turai ya fi kusa da 3000 na Japan. Lamba ɗaya, abu uku daban.

Wani abin kuma, ma'aunin Japan a 8000 ya tsaya. Duk dutsen da ka ga an rubuta 10000 ko 30000, lissafin kamfanin ne da kansa. Kamfani mai suna yana tsare mutuncin lambarsa. Irin nawa kuwa, da ko sunan wanda ya yi shi babu a kwali, abin da suka ga dama suka buga.

Saboda haka kafin ka danna oda a wayarka, buɗe bayanin kaya ka nemi JIS ko harafin F. In da ma'aunin Japan ne, 220 zuwa 400 na wuƙar da bakinta ya ɓalgace ne, yana cin ƙarfe sosai, kada ka saba mata da shi. 1000 shi ne na yau da kullum, kuma in guda ɗaya za ka saya, shi za ka saya. Yana barin wasu 'yan haƙora da ido ba ya gani, su ne ke kama fatar tumatir da jijiyar nama. Daga 3000 zuwa 6000 goge baki ne kawai bayan an gama washi. Ni a ganina 8000 ɓarnar kuɗi ce a kan wuƙaƙen kasuwarmu, ƙarfensu bai da taurin riƙe irin wannan kaifi, yankan albasa biyu ya koma yadda yake.

In na jiƙawa ne, a sa shi a ruwa har kumfa ta daina tashi kafin a fara.

Wuƙaƙen Hajiya dai a kan 1000 ɗin mahauci aka wasa su. Nawa yana shago, hantsaki yake ci.