Mazarin da Ya Ɗaga Sunan Kano

A shekarar 1851 matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda aka sani a ƙasar Hausa da Abdulkarim, ya sauka Kano ya tarar tufafi ne jigon arzikinta. Ya ƙiyasta cewa Tambutu kaɗai ana kai mata kayan raƙumi 300 na tufafin Kano a shekara. Masu tarihi sukan yaba wa marinan Ƙofar Mata da na Kura, da fataken da suka keta Sahara. Amma duk wannan ciniki daga tsakar gida ya faro, a hannun mata.

In an ɗebo auduga daga gona da kaka, mace za ta ɗora ta bisa magurji, ta murza da ƙarfe har angurya ta fita. Sai ta shiɓe ta da baka ta yi laushi. Daga nan ta ɗauko mazari mai gululun yumɓu a gindi, ta shafa alli a yatsu don kada su yi santsi, ta shiga kaɗi. Siririn zare mai ƙarfi shi ake ja a tsaye, abawa mai kauri kuwa ita ƙoshiyar masaƙi ke ratsawa da ita. Galibi bayan tuwon dare ake wannan aiki, a hasken fitilar aci-balbal, tsofaffi na yi wa jikoki tatsuniya. Kuɗin zaren na mace ne, da shi take tara wa 'yarta kayan ɗaki.

Turawan mulkin mallaka ma sun ji ƙarfin wannan sana'a. Sun kawo dogo Kano a 1911 da fatan kwasar auduga zuwa masaƙun Ingila, sai suka tarar kasuwar gida ta fi su saye da daraja. Manoma suka riƙe audugarsu, suka ba jirgi gyaɗa.

Yadin kanti mai araha da zaren inji su suka ci ƙarfin kaɗi sannu a hankali, musamman bayan buɗe masaƙar Kaduna a 1957. Yau tsofaffin da suka iya shi sun yi ƙaranci. Haƙƙi ne a kan jami'o'inmu da gidajen tarihi su je ƙauyuka su ɗauki iliminsu tun suna raye, a kuma rubuta mata a sahun waɗanda suka gina arzikin Kano.