Daga Darasu Zuwa Bagauda: Tarihin Yadda Muke Auna Mai Karatu

Duk wanda ya bi ta ƙasar Bebeji ya nufi wajen madatsar ruwa ta Tiga, zai wuce wata makaranta a bakin tafkin Bagauda wadda ta bambanta da sauran makarantu. Samari da 'yan matan da ake gani a harabarta cikin baƙar kwat da farar riga, kowannensu ya riga ya gama jami'a ya karɓo digirin shari'a, wanda karatun shekara biyar ne. Amma doka ta ce wannan takarda ba ta isa ta tsayar da mutum gaban alƙali ba, sai ya zo nan ko wani reshe irinsa an sake gwada shi. Wannan shi ne reshen Kano na Makarantar Horar da Lauyoyi ta Nijeriya, wanda ya gaji gine-ginen tsohon otal ɗin Bagauda na zamanin Gwamna Audu Bako.

To, in digiri shaida ne, shaidar me yake bayarwa? Tambayar ba ta malaman jami'a kaɗai ba ce. Manomin Doguwa da ya sayar da buhunan masara, da mai casar shinkafa a Tudun Wada da ya tara kuɗin rajista, suna da haƙƙin su san abin da ɗansu zai iya yi ranar da ya dawo gida da takarda. Mu ma marubuta tamu ce, kamar yadda za mu gani.

Kafin boko, ƙasar nan tana da amsarta. A tsangayu irin na Kiru da Bebeji da sauran garuruwan Kano, almajiri yakan fara da babbaƙu, ya shiga farfaru, ya bi surori har ya yi sauka, sa'an nan in mai himma ne ya koma ya yi hadda. Ba a tambayar shekara nawa ya yi. Abin da ake dubawa shi ne allonsa. Gardi zai rubuta karatunsa da ka, ya kawo wurin darasu, malam ya duba a gaban sauran gardawa, in wasali ɗaya ya kauce a gyara masa nan take, kowa yana ji. Ba a ce wa mutum alaramma don ya daɗe a gindin malam. Sai ya haddace izu sittin ya kuma zauna ya rubuta su da hannunsa ba tare da ya duba ba, masana sun bi rubutun sun tabbatar. Wato tun ran da yaro ya ɗauki allo an san inda aka dosa, an san kuma yadda za a gane an isa. Masana tarbiyya na Amurka, irin su Benjamin Bloom da ya fitar da matakan manufofin koyo a 1956, sun daɗe suna neman a tsara karatu ta wannan fuska. Ba mu ce tsangaya ba ta da nata aibi ba, don mai hadda yana iya rasa fassarar abin da ya haddace. Amma dai abin da ta ce za ta auna, shi take aunawa.

Karatun shari'a na zamani ya fara a Kano a 1934, lokacin da aka buɗe makarantar horar da alƙalai a zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka ɗauko mata malamai daga Sudan. A 1947 ta zama Makarantar Koyon Larabci. A cikinta ne aka dasa kwalejin da ta fara a 1960, wadda aka sa wa sunan Abdullahi Bayero ta zama wani ɓangare na Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ta kuma tsaya da ƙafafunta a matsayin Jami'ar Bayero a 1977. Da aji da allon bango da jarrabawar ƙarshen shekara suka shigo, sai ma'aunin ya canza.

Ma'aunin farko aro ne. Kwalejin Jami'a ta Ibadan da aka buɗe a 1948 digirin Jami'ar Landan take bayarwa har zuwa 1962, don haka manhaja da jarrabawa sai da yardar Landan. Daga nan muka gaji al'adar gayyato malami daga wata jami'a ya duba tambayoyi da takardun ɗaliban ajin ƙarshe. Muddin jami'o'in 'yan kaɗan ne, kowa ya san kowa, wannan ya wadatar. Da suka yawaita, sai aka fara tambayar ko digirin nan daidai yake da na can.

Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wato NUC, an kafa ta a 1962 a matsayin mai ba da shawara, ta sami ƙarfin doka a 1974. Doka mai lamba 16 ta 1985 ce ta ba ta ikon gindaya mafi ƙarancin abin da kowane digiri zai ƙunsa, ta fitar da kundayen farko a 1989 kan fannoni 13, sa'an nan ta fara tura masu tantancewa jami'o'i. Su kuwa suna ƙirga darussa, da malamai da matsayinsu, da littattafan laburare, da kujerun aji, su ce wannan sashe ya ci gaba ɗaya, wancan na wucin gadi, wancan kuwa an hana shi. Aiki ne mai amfani, ya kuma tilasta wa wasu jami'o'i gyara. Sai dai kamar mutum ne ya je gona ya ƙirga buhunan taki da yawan 'yan ƙwadago, ya koma gida bai leƙa rumbu ba. Abin da aka zuba aka auna. An yi ƙoƙarin gyara wannan a kundayen 2007, inda aka haɗa jerin darussa da bayanin ƙwarewar da ake so mai digiri ya fita da ita.

Yanzu mu koma Bagauda, domin lauyoyi sun riga saura gane bakin zaren. Tun 1959 kwamitin Unsworth ya ba da shawarar a raba karatun gida biyu: jami'a ta koyar da ilmin shari'a, wata makaranta daban ta koyar da aikin. Aka yi dokar a 1962, makarantar ta buɗe a titin Igbosere a Ikko cikin Janairun 1963 da ɗalibai takwas kacal. A 1997 hedkwatarta ta koma Bwari kusa da Abuja, daga baya aka buɗe rassa, har da na Bagauda. Amma ita ma makarantar aikin a hankali ta rikiɗe ta zama zauren lacca, malami yana karantowa, ɗaruruwan ɗalibai suna kwafa.

A 2008, lokacin da Tahir Mamman yake shugabantarta, aka sake manhajar. Aka dunƙule darussan zuwa biyar: ƙararrakin jama'a, ƙararrakin laifi, harkar kamfanoni, harkar filaye da gidaje, sai ladubba da dabarun aikin lauya. Babban canjin yana cikin yadda ake rubuta kowane darasi. Maimakon a ce "yau za mu karanta beli", sai a rubuta cewa in an tashi daga darasin ɗalibi zai iya rubuta takardar neman beli ya kuma gabatar da ita. Aka raba ɗalibai ƙungiya-ƙungiya, ana ba su aiki kafin su shigo aji, wani ya zama lauya, wani shaida, wani alƙali. In sun tafi zaman koyo a kotuna da ofisoshin lauyoyi, kowa yana da littafin da yake rubuta abin da ya gani da abin da ya yi, in ya dawo ya zauna gaban malamai ya kare shi. Wanda ya taɓa zama wurin darasu ba zai ga baƙon abu a nan ba. A da ma akwai wata ƙa'ida da makarantar ta daɗe tana bi kafin a sauya ta, wadda ɗalibai suka yi ta kuka da ita: darasin da mutum ya fi rauni a cikinsa shi ke yanke darajar sakamakonsa, ko da ya yi zarra a sauran huɗun. Akwai tsanani a ciki ƙwarai, amma muna ganin hujjarta, domin wanda ya kawo maka shari'ar gonarsa ba ruwansa da gwanintarka a harkar kamfani.

Sauran fannoni sun biyo baya a Disambar 2022, lokacin da aka ƙaddamar da sabon kundin da ake kira CCMAS, mai fannoni 17. A cikinsa kowane darasi yana ɗauke da jerin abubuwan da ɗalibi zai iya bayan ya gama. Hukumar ta tsara kashi 70 cikin 100 na manhaja, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cike da abin da ya dace da yankinta. Ƙungiyar malaman jami'a ta yi suka, tana cewa an ƙwace wa majalisun jami'o'i aikinsu. Mu abin da ya fi damunmu wani ne daban. Rubuta "ɗalibi zai iya" a takarda ba wuya. Wuyar tana ga malamin da yake da ɗalibai ɗaruruwa a aji guda, wanda ba shi da lokacin da zai karanta rubutun kowa ya mayar masa da gyara. Irin wannan malami dole ya koma ga tambayar da amsarta take cikin takardun da ya raba, ɗalibi ya haddace daren jarrabawa, ya juye da safe, ya manta kafin azahar. Da haka ake iya tara maki 4.50 cikin 5.00 a fita da daraja ta ɗaya.

A nan ne maganar ta iso ƙofarmu. Mai digirin Hausa ya karanci nahawu da tsarin sauti da tarihin adabi, ya san rabe-raben waƙa da sigogin zube. Amma sau nawa aka ce ya rubuta labari mai shafi goma, aka zauna da shi aka nuna masa inda jigo ya ɓace da inda zancen taurari ya yi ƙarya, ya tafi ya sake rubutawa? Ga da yawa daga cikinmu, kundin ajin ƙarshe shi ne dogon rubutu na farko da wani ya bi mana layi-layi da jan biro, shi ma nazari ne a kan aikin wani. Abubakar Imam, wanda ake samun digiri da nazarin littattafansa, ya shiga gasar 1933 ne a lokacin da ko jami'a babu a ƙasar. Abin da ya samu shi ne edita, Rupert East, wanda ya karanta rubutunsa ya yi masa gyara. Yawancin marubutan da suka cika kasuwar Kano da littattafai daga wajen 1985 zuwa gaba ba daga ajin adabi suka fito ba, a taron ƙungiya suka riƙa karanta wa juna rubutu ana suka ana gyarawa, wato darasu ke nan da wani suna.

Kashi 30 ɗin nan da aka bar wa jami'o'i ya isa a buɗe ajin ƙagaggen rubutu wanda jarrabawarsa ita ce rubutun kansa: ɗalibi ya kawo gajeren labari ko wasan kwaikwayo tun farkon zango, ya kawo gyara na biyu da na uku, a ajiye su duka cikin fayil ɗaya yadda mai dubawa daga waje zai ga daga inda ya taso da inda ya kai. Irin wannan aji ba ya ɗaukar mutum ɗari. In ya wuce ashirin ya lalace. Malaman sashe kaɗai ba za su iya ba, amma a cikin ƙungiyar nan akwai waɗanda suka shekara ashirin da talatin suna gyara rubutun na baya, kuma mafi yawansu mota ɗaya za su hau su isa ƙofar jami'a.