Ƙasar da Aka Tura Yamma: Polan da Iyakokinta

A shekarar 1989 maƙwabtan Polan uku ne: Tarayyar Sobiyet, da Cekosulobakiya, da Jamus ta Gabas. Zuwa farkon 1993 babu ko ɗaya daga cikinsu da ya rage a taswira. Sai ga Polan da maƙwabta bakwai: Jamus, da Cek, da Sulobakiya, da Yukren, da Belarus, da Lituwaniya, da kuma Rasha ta wajen yankin Kaliningrad. Amma duk wannan guguwa ba ta gusar da iyakar Polan ko taku ɗaya ba. Ga ƙasar da aka saba kasa ta kamar naman watanda, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sau uku Rasha da Furusiya da Ostiriya suka yi rabonta, a 1772 da 1793 da 1795 (Ostiriya ba ta shiga na tsakiyar ba), har ta ɓace daga taswira tsawon shekara 123. Ta dawo a 1918, amma ba ta daɗe da numfasawa ba. Ranar 1 ga Satumban 1939 Jamus ta afka mata daga yamma, ranar 17 ga wata kuma Sobiyet ta shigo daga gabas, bisa yarjejeniyar asiri da Hitler da Stalin suka ƙulla.

Iyakar da muke gani yau, a bayan idon 'yan Polan aka zana ta. A taron Tehran na 1943 firaministan Birtaniya Churchill ya jera tsinken ashana uku a kan tebur, ya tura su gefe guda, don nuna wa Stalin yadda za a ja ƙasar zuwa yamma. Haka kuwa aka yi a Yalta da Potsdam a 1945. Stalin ya riƙe gabashin da ya ƙwace, aka biya Polan da ƙasar Jamus har bakin kogunan Oder da Neisse. Ta rasa biranen Lwów da Wilno, ta samu Breslau da Stettin da Danzig, waɗanda suka koma Wrocław da Szczecin da Gdańsk. Girmanta ya ragu daga kusan murabba'in kilomita 389,000 zuwa kimanin 312,000.

Tsinken ashana ba ya jin zafi, mutane kuwa suna ji. An kori miliyoyin Jamusawa daga gidajen da suka gada kaka da kakanni, aka cika jiragen ƙasa da 'yan Polan na gabas aka sauke su a gidajen da ba su taɓa gani ba. Wasu mutanen Lwów a Wrocław suka yada zango, kuma ba tufafi kaɗai suka biyo su ba. An kawo wani ɓangare na littattafan ɗakin karatu na Ossolineum, har da mutum-mutumin marubucin wasan kwaikwayo Aleksander Fredro, wanda aka kafa a dandalin kasuwar birnin a 1956, a gurbin da mutum-mutumin wani sarkin Furusiya ya taɓa tsayawa.

To, me ya hana wannan miki zama sabon yaƙi? A ganina, haƙuri da abin da aka rasa, kuma daga ɓangarorin biyu. Jamus ta Gabas ta amince da iyakar tun 1950. Ta Yamma ta yi ta jan ƙafa har Disamban 1970, lokacin da shugaban gwamnatinta Willy Brandt ya je Warsaw ya sa hannu kan amincewa da iyakar, ya kuma durƙusa a gaban wurin tunawa da Yahudawan birnin. 'Yan adawa a gida sun zarge shi da sayar da ƙasa. Sai ranar 14 ga Nuwamban 1990 haɗaɗɗiyar Jamus ta rufe maganar baki ɗaya.

Mikin gabas ya fi ciwo, kuma ba a cika ambatonsa ba. Jerzy Giedroyc, editan mujallar Kultura da ke gudun hijira a Faransa, ya shafe shekaru yana nanata wa 'yan ƙasarsa cewa su cire rai daga Lwów da Wilno, waɗanda yanzu ke cikin Yukren da Lituwaniya, domin 'yancin Yukren da Lituwaniya da Belarus shi ne garkuwar Polan. Ya sha zagi. Amma ranar 2 ga Disamban 1991 Polan ce ƙasa ta farko da ta amince da 'yancin Yukren, kuma da Rasha ta kai wa Yukren mamaya a 2022, ta mashigar Medyka da tashar jirgin Przemyśl ɗimbin 'yan gudun hijira suka tsira.

Tun da Polan ta shiga tsarin Schengen na buɗe iyakoki a Disamban 2007, mutumin Zgorzelec na Polan kan taka gadar ƙafa ya shiga Görlitz na Jamus, garin da kogin Neisse ya raba biyu a 1945. Katangar ta koma gabas. A 2022 Polan ta kammala shingen ƙarfe mai tsawon kimanin kilomita 186 da tsayin mita biyar da rabi a iyakarta da Belarus, bayan ta zargi gwamnatin Lukashenko da turo baƙin haure da gangan. Shingen ya ratsa dajin Białowieża, inda mutane daga Gabas ta Tsakiya da Afirka suka maƙale tsakanin dakarun ƙasashen biyu, wasunsu sanyi ya kashe.