Ƙarfin huhun lafiyayyun mutanen Indiya: Da wane ma'auni za a auna shi?

Idan likita yana son sanin yadda huhun mutum ke aiki, yakan miƙa masa bututun na'urar auna numfashi, ya ce ya cika ƙirjinsa da iska sannan ya hura da iya ƙarfinsa. Wani likitan Ingila, John Hutchinson, ne ya gabatar da wannan na'ura a 1846. Muhimman alƙaluman da take bayarwa biyu ne: FVC, wato jimillar iskar da mutum ya iya fitarwa, da FEV1, wato wadda ta fita a daƙiƙar farko.

Alƙaluman ba su da amfani sai an kwatanta su da abin da ake tsammani daga lafiyayyen mutum mai shekaru da tsayi da jinsi irin na wanda aka auna. A nan ne matsalar Indiya take, domin yawancin jadawalin kwatancen da aka daɗe ana amfani da su daga Turawa aka samo su.

Girman bambancin

Binciken PURE da mujallar Lancet Respiratory Medicine ta wallafa a 2013 ya auna mutane a ƙasashe 17. Ya gano cewa, bayan an yi la'akari da shekaru da tsayi da jinsi, FEV1 na mutanen Kudancin Asiya ya gaza na Turai da Arewacin Amurka da kimanin kashi 31 cikin ɗari, giɓi mafi girma a yankunan da aka bincika. A Afirka kudu da Sahara giɓin ya kai kimanin kashi 21.

Ma'aunin duniya na GLI da aka fitar a 2012 ya shafi masu shekara 3 zuwa 95, amma bai ware wa Indiya rukuni nata ba. Masanan ƙasar sun samar da nasu, ciki har da na arewacin Indiya da S. K. Chhabra da abokan aikinsa suka wallafa a 2014 daga Delhi.

Bambanci a cikin ƙasar

Ko a cikin Indiya ba a taru an zama ɗaya ba. Mutanen arewa sukan fi na kudu yawan iskar huhu, mazauna tsaunukan Ladakh kuma sun fi na ƙasa-ƙasa. Maza sun fi mata. Ƙarfin huhu kan kai ƙololuwarsa a wajajen shekara 20 zuwa 25, daga nan ya riƙa raguwa sannu a hankali.

Masana na danganta giɓin da tsarin jiki, musamman tsayin gangar jiki idan aka kwatanta da ƙafafu. Akwai kuma haihuwar jarirai da ƙarancin nauyi, rashin abinci mai gina jiki a yarinta, hayaƙin itace da kashin shanu da ake girki da su, da gurɓatacciyar iskar birane.

Abin da ya sa ake taƙaddama

Idan aka auna lafiyayyen mutumin Chennai da ma'aunin Turai, ana iya yi masa hukuncin cewa huhunsa ya takure alhali lafiyarsa ƙalau. Idan kuwa aka auna shi da ma'aunin yankinsa, ana iya ɗaukar illar da yunwa da hayaƙi suka yi masa tun yana yaro a matsayin halitta. A 2023 Ƙungiyar Likitocin Ƙirji ta Amurka ta ba da shawarar daina amfani da launin fata wajen fassara sakamakon.

Alƙalumin da bai cika sauyawa tsakanin al'ummomi ba shi ne FEV1 idan aka raba shi da FVC. Idan ya yi ƙasa da 0.70 bayan an shaƙi maganin buɗe hanyoyin iska, likitoci kan ɗauke shi alamar cutar toshewar huhu mai daɗewa.