Gidan Savinelli: Zuri'ar Masassaƙa Lofe a Italiya

Mai karatu, yau za mu ɗan ajiye littafi mu leƙa birnin Milan na ƙasar Italiya. A can ne cikin 1876 wani mutum mai suna Achille Savinelli ya buɗe kanti kusa da babban cocin garin, yana sayar da lofe da sauran kayan mashaya taba. Shi ba masassaƙi ba ne. Zana siffar lofen yake yi, ya kai wa masu sana'a na yankin Varese su sassaƙa masa. A 1890 ɗansa Carlo ya karɓi kantin, ya riƙe shi shekaru da dama.

Lofen kirki ba da kowane itace ake yin sa ba. Akwai wani ɗan itace mai suna briar da ke fitowa a duwatsun gaɓar Bahar Rum, wanda ke tara wani ƙulli tsakanin saiwa da gangar jiki. Sai ya shekara aru-aru kaɗan-kaɗan yana girma kafin a haƙo shi, a yanka, a dafa, a shanya ya bushe sarai. Wuta ba ta saurin cin sa, shi ya sa ake son sa. Abin haushin shi ne, Italiya na da wannan itace mai kyau, amma suna da daraja na Ingila ne da Faransa, irin su Dunhill na Landan da masassaƙan garin Saint-Claude. Lofen Italiya kuwa kallon kayan araha ake yi masa.

Wanda ya sauya wannan shi ne jikan, Achille ƙarami, haifaffen 1918. Bayan ya dawo daga Yaƙin Duniya na Biyu, sai ya ƙi tsayawa bayan kanta kamar mahaifinsa. A 1948 ya kafa masana'anta a Barasso, kusa da Varese, ya ce shi mai tsada zai yi. A ganina kasada ce babba, domin ƙasar ba ta gama farfaɗowa ba, ga kuma sigari na cinye kasuwar lofe. Amma ya dage har sunan Savinelli ya shiga Amurka da sauran Turai. Gidan ne kuma ya shahara da sanya ɗan guntun itacen balsa cikin bututun lofe don ya tsotse danshi, ko da yake wannan bai raba taba da cutarta ba.

Achille ya rasu a 1987, ɗansa Giancarlo ya gaji gidan, na huɗu ke nan a jere.