Kalmomin Zalunci a Hausa

Kalmomin zalunci rukuni ne na kalmomin da Hausawa ke siffanta mugun hali da su. "Zalunci" aro ne daga Larabci, yana nufin tauye haƙƙin wani. "Mugunta" da "ƙeta" cutarwa ce da gangan, "ta'asa" ɓarna ce mai muni, "kisan gilla" kuwa kisa ne babu tausayi.

A Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, kalmomin sun yawaita a bakin jama'a saboda hare-haren 'yan bindiga, musamman bayan sace ɗalibai fiye da 300 a Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara ranar 11 ga Disamba, 2020.